Ɗalibata ta ce na bayyana jan ƙasa da jan ƙasa: ina neman taimako kafin Talata

Malamin Kimiyya, Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da fizik a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin garin Katsina, bana shekara tara ke nan. Ranar Talatar da ta wuce wata ɗaliba 'yar aji biyar ta yi mani tambaya biyu, har yanzu suna cina a rai.

Manhajarmu ba ta wuce Niyuton ba: kowane abu yana jan ɗan'uwanshi, in nisan da ke tsakani ya ninka biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amma duk shekara nakan ware rabin awa in ɗanɗana masu bayanin Ainstain na 1915, don kada su fita da zaton an rufe maganar tun 1687, shekarar da Niyuton ya fitar da nashi. Nakan zo da tsohon zanen gado, yara huɗu su kama bakinshi su ja ya miƙe, in ɗora kankana a tsakiya ta lotsa shi, sannan in gara lemon tsami daga gefe. Lemon ya yi zagaye biyu ko uku kafin ya je ya manne wa kankanar. Sai in ce: kankana ita ce Rana, lemo duniyarmu, zanen kuma sarari. Ba igiyar da ke jan lemon, hanyar ce ta lanƙwashe.

Ina rufe baki yarinyar ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ai ƙasa ce ta ja kankanar har ta lotsa zanen, kuma ita ce ta gangaro da lemon. Ka bayyana mana jan ƙasa da jan ƙasa ke nan." Aji ya yi tsit. Na dubi zanen, na ga tana da gaskiya. Kafin in ce wani abu ta ƙara da cewa, "In kuma sarari yana lanƙwashewa kamar ƙwarya, ashe wanda ya miƙe bai kauce ba zai dawo inda ya taso?"

Na yi mata alkawarin amsa ranar Talata mai zuwa. Ba na son in toshe mata baki da "haka yake a littafi", domin irin wannan yarinyar in ka kashe mata gwiwa sau ɗaya, ta daina ɗaga hannu ke nan. Don Allah wanda ya san abin ya warware mani shi da Hausar da zan iya kaiwa aji. Roƙo ɗaya: kada a ce mani "maganaɗisun ƙasa". Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa har auduga bai bari ba.

Tsohon Safiyo, Rafin Daɗi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi wa ɗiyar nan albarka. Ni aikin awon ƙasa na yi har na ajiye, don haka ta ɓangaren awo zan shigo maka.

Ka naɗe zanen nan ka mayar gida. Illarshi ita ce yana tsayar da mutum a waje yana kallon lotsawa, alhali mu muna cikin sararin ne, ba mu da wani waje da za mu fita mu tsaya. Abin tambaya shi ne, wanda ke ciki ta yaya zai gane wurin lanƙwasasshe ne?

Ka ɗauki mutum biyu, ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura. Tsakaninsu kimanin kilomita 80 ne, gabas da yamma. Kowa ya fuskanci arewa sak ya kama tafiya, ba dama ba hagu. Za su ratsa Nijar da Aljeriya, su haye Bahar Rum, su wuce ta Jamus. Lokacin da suka kai kudancin Nowe, in aka auna, tsakaninsu bai fi kilomita 40 da 'yan kai ba. A ƙuryar arewa ta duniya kuwa kafaɗa da kafaɗa za su haɗu. Wa ya ja su? Ba kowa. Kowannensu zai rantse bai kauce ba, kuma bai yi ƙarya ba. Da ba su san duniya ƙwallo ce ba, sai su ce akwai wani ƙarfi da ke jan su ga juna. Wannan misalin ba ya aron jan ƙasa, don haka ɗalibarka ba za ta kama ka a nan ba.

Hanya ta biyu ita ce alwatika. A kan takarda kusurwoyinta uku digiri 180 ne. Amma ka haɗa Katsina da Daura da Kano da layuka miƙaƙƙu, ka auna da na'ura mai kyau, za ka samu ƙari na sakan 20 da 'yan kai a kan 180 ɗin. Sakan na kusurwa nake nufi, wato digiri ɗaya an raba shi 3,600. Alwatika na ƙara girma, ƙarin na ƙaruwa: wadda ta tashi daga ƙuryar arewa ta sauko layin tsakiyar duniya, ta ci rubu'in zagaye ta koma, digiri 270 gare ta cif. Masu fitar da alƙibla sun daɗe da sanin wannan lissafi. Mu nan alƙiblarmu wajen digiri 70 ce daga arewa, ba ta da ruɗani. Amma mutumin Niyok a Amurka arewa maso gabas yake fuskanta, ko da yake a taswirar bango Makka kudu take da shi, saboda gajeriyar hanya a bayan ƙwallo ba ita ce ta kan takarda ba. Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi duk sun yi fama da mas'alar layuka biyu da ba su haɗuwa. Daga baya Gaus a Jamus ya nuna ana iya auna lanƙwasa daga ciki, ɗalibinshi Riman kuma a 1854 ya faɗaɗa lissafin ya wuce shimfiɗa ya kai ga sarari. Da wannan lissafin Ainstain ya yi gini.

Ka tuna husufin rana na Laraba 29 ga Maris 2006? Da hantsi gari ya yi duhu a nan Katsina, kaji suka nufi akurki, muka yi salla. Irin wannan duhun aka jira ranar 29 ga Mayu 1919 a tsibirin Firinsife, cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, inda masanin taurari Edinton ya je daga Ingila, wasu kuma suka je Sobral a Birazil. Sun ɗauki hoton taurarin da ke kusa da Rana, aka ga sun ɗan gusa daga mazauninsu. Ainstain ya ce hasken da ya gogi gefen Rana zai kauce da sakan 1.75. Ƙanƙantar wannan kamar ka hango ƙwayar wake ce daga nisan kilomita ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe na'urar awo ya san irin haƙurin da kama wannan yake ci.

'Yar Daura mai karatun fizik

Malam sannu da ƙoƙari. Baba, Allah Ya ƙara lafiya, ka share mani hanya. Ina digiri na biyu ne a fannin, kuma abin da zan ƙara shi ne wanda ni ma ya fi ba ni wuya kafin ya zauna mani.

Matafiyan Baba sai da suka yi tafiya suka haɗu. To mangwaron da ke rataye a reshe fa, ina yake tafiya? Yana tafiya cikin lokaci. Ko kana zaune a tabarma kana barin yau kana nufar gobe. Ainstain ya ɗinke sarari da lokaci ya mai da su abu guda, kuma a nan doron ƙasa kusan duk abin da muke kira faɗuwa daga lanƙwasar lokaci yake zuwa. Zanen gado ba shi da inda zai nuna lokaci, shi ya sa ya gaza.

Lanƙwasar lokaci tana nufin agogon da ke ƙasa ya fi na sama jinkiri. Hasumiyar Gobarau kimanin mita 15 ce. Da za a ajiye agogo a samanta, wani a gindinta, na saman zai riga na ƙasa da wajen kashi 50 cikin biliyan na sakan ɗaya a shekara. Ba zance ba ne kawai: a 1960 an auna irin wannan bambanci da haske a wata hasumiya mai tsawon mita 22 da rabi a Jami'ar Habad. Wayar da ke hannunka ma shaida ce. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can wajen kilomita 20,200 sama. Nisansu da ƙasa yana sa agogonsu ya yi gaba da kashi 45 cikin miliyan na sakan kullum, gudunsu kuma yana mai da shi baya da kashi 7, saura 38. Da ba a gyara wannan ba, kuskuren taswira zai riƙa taruwa da kusan kilomita 10 a rana guda.

Na san ɗalibarka za ta ce, abu ƙanƙani haka ya za a yi ya kayar da mutum daga bishiya? Ka jefa dutse sama, ya yi sakan biyu kafin ya dawo hannunka. Tashin da ya yi wajen mita 5 ne. A lissafin sarari da lokaci, sakan ɗaya daidai yake da tafiyar haske, kilomita 300,000. Ashe hanyar dutsen tsawonta kilomita 600,000 ne, gantsarewarta kuma mita 5 kacal. Layi ne da ya kusa miƙewa sarai. Mu da ba mu ganin tsawon ta fuskar lokaci, gantsarewar kaɗai muke gani, sai ta yi mana girma.

Saboda haka abin da ke faɗuwa shi ne ke kan miƙaƙƙiyar hanyarshi, ba abin da ke taɓa shi. Kai da ke tsaye, daɓen aji ne ke tokare ka yana hana ka bin taka hanyar, kuma wannan tokarar da kake ji a tafin ƙafa ita muke kira nauyi. 'Yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya kilomita 400 kawai suke sama da mu, jan ƙasa a can ya kusa kashi 90 cikin 100 na nan, amma suna shawagi, domin su da tashar faɗuwa suke yi tare.

Ga abin da za ka kai aji maimakon zane. Ka samu gorar ruwa ta roba, ka huda ta da ƙusa kusa da gindi, ka cika ta, ka bar bakin a buɗe. Tana hannunka ruwa na tsartuwa. Ka sake ta daga bene: muddin tana faɗuwa tsartuwar za ta tsaya cak, don ruwan ya daina danna gorar. A 1971 wani ɗan sama jannatin Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, suka dira tare. Niyuton ya san haka na faruwa, amma a wurinshi dacewa ce. A wurin Ainstain dole ne, tunda hanyar ta wurin ce, ba ta abin da ke bin ta ba.

Sararin shi ma yana lanƙwashewa, sai dai abu mai gudun gaske ne ke jin shi. A sakan 1.75 ɗin da Baba ya ambata, rabi na lokaci ne, rabi na sarari. Wannan ne ya sa awon 1919 ya yi nauyi: lissafin Niyuton rabin kaɗai yake bayarwa.

Mai Shago, Ƙofar Ƙaura

Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma ina biye da ku. Har yanzu ba wanda ya taɓa tambayar yarinyar ta biyu. Zai dawo ko ba zai dawo ba?

Ɗan Tela, malamin lissafi

Alhaji ka yi gaskiya, kuma ita ce ta fi burge ni. Malam, tambayar ta biyu ta haɗa abu biyu da ya kamata ka raba mata su: yadda wuri ya lanƙwashe, da yadda aka ɗinke shi. Na farko shi ne jometiri, na biyun tofoloji.

A shagon mahaifina na tashi, ina zare ina guga. Ka dubi hannun riga. Yadi ne shimfiɗaɗɗe, aka haɗa baki da baki aka bi da keke. Ba a yanke komai ba, ba tattara ko ɗaya. In ka zana alwatika da alli kafin ɗinki, bayan ɗinki ma 180 take. Tururuwar da ke kan yadin duk awon da za ta yi a kusa da ita zai ce mata wurin shimfiɗe yake. Amma ta miƙe ta fuska ɗaya, sai ga ta inda ta taso. Ashe ana iya dawowa ba tare da lanƙwasa ba. Ƙwarya kuwa daban ce: ba yadda za ka lulluɓe bayanta da yadi ya kwanta sai ka tattara ko ka yanke wani yanki. Ɓawon lemo ma shi ya sa yake tsagewa in ka danne shi a faranti.

Tofoloji bai damu da tsawo ko kusurwa ba. Abin da yake tambaya shi ne, ƙofa nawa abin yake da ita, ina ya haɗe da ina. A wurinshi ƙuli-ƙuli mai zobe da kofi mai hannu abu ɗaya ne, ƙwallo da kwalin ashana ma haka.

Duk da haka su biyun ba baƙin juna ba ne, kuma wannan yara za su iya ƙirga shi da hannunsu. Ka ba su kwalin alli. A kowace ƙurya kusurwa uku ne masu digiri 90 suka haɗu, 270 ke nan, saura 90 a cika 360. Ƙurya takwas, giɓin ya zama 720. Ka ba su ƙwallon ƙafa irin mai facin baƙi da fari: mahaɗa 60, kowace da giɓin digiri 12, jimla 720. Duk abin da ya rufe kamar ƙwallo, ko ka lotsa shi ko ka kumbura, jimlar nan ba ta motsi. Mai siffar zobe kuwa jimlarshi sifili ce. Ɗinkin ne ke yanke wa lanƙwasar adadinta gaba ɗaya.

To ina jan ƙasa ya shigo? Lissafin Ainstain yana magana ne wuri-wuri: ga abin da ke nan na nauyi da makamashi, ga lanƙwasar da zai haifar a nan. Bai faɗi yadda aka haɗa bakin yadin can nesa ba. Firidman a Rasha ya nuna a 1922 da 1924 cewa sararin halitta baki ɗaya zai iya zama mai lanƙwasa irin ta ƙwarya, ko irin ta sirdin doki, akwai kuma shimfiɗaɗɗe a tsakaninsu, kuma yawan abin da ke ciki ne ke zaɓa. In irin ta ƙwarya ce ko'ina, dole ya rufe, girmanshi ya zama da iyaka ko da ba shi da gefe. In shimfiɗaɗɗe ne, masana lissafi sun ƙirga ɗinki iri 18 da zai iya ɗauka, 10 daga ciki rufaffu ne, kuma dukkansu sun dace da lissafin Ainstain.

An auna, kuma da alwatikar Baba aka auna. Akwai wani tsohon haske da ya taso tun halitta tana da shekara 380,000, yanzu kuwa tana da kimanin biliyan 13.8. A jikinshi akwai dabbare-dabbare da aka san ainihin faɗinsu ta lissafi. Faɗin ɗaya shi ne gindin alwatikar, mu ne tsininta. A sarari shimfiɗaɗɗe ya kamata manyan cikinsu su bayyana da faɗin kusan digiri ɗaya, haka kuma aka gani. Sakamakon tauraron ɗan'adam mai suna Planck na 2018, haɗe da awon rarrabuwar gungun taurari, ya nuna in ma akwai lanƙwasa ba ta wuce 'yan kaso cikin 1,000 ba a ma'aunin da suke amfani da shi.

Ɗinkin ma an neme shi. Da sarari hannun riga ne ƙarami, da haske ya zagayo, mu ga zane iri ɗaya a fuska biyu na sama, kamar mai tsaye tsakanin madubai biyu a shagon aski. An bincika hotunan Planck da na wani tauraron ɗan'adam mai suna WMAP ana neman da'irori masu kama da juna, ba a samu ba. Ma'ana in akwai zagaye, tsawonshi ya kai kusan faɗin duk abin da muke iya hangowa, wato tafiyar haske ta shekara wajen biliyan 90, ko ya fi. Tun 1998 kuma aka gano faɗaɗar sarari ƙara sauri take yi. Don haka Alhaji, matafiyin nan ko haske ya hau hanyar za ta riƙa tsawo a gabanshi fiye da yadda yake cin ta. Ba zai dawo ba, ko da ɗinkin yana nan.

Malam, in ka ga dama ka gaya mata cewa Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ɗan ƙasar nan ne. Ina so ta san cewa garin da take zaune ya taɓa fitar da masu irin wannan tunani.

Malamin Kimiyya, Ƙofar Sauri

Allah Ya saka maku da alheri baki ɗaya. Yau muka yi darasin. Na fara da gaya mata a gaban kowa cewa ita ke da gaskiya a kan zanen. Sannan muka hau bene da gora uku. Ta farko na saki, wata daga ƙasa ta yi ihu, "Malam ruwan ya tsaya!" Sai da muka maimaita sau biyar don kowa ta gani da idonta. Kwalin alli kuma ƙungiya huɗu suka ƙirga, duka suka samu 720.

Ita kuwa da ƙwaryar gidansu ta zo. Ta kafa ƙusa uku ƙanana a bayanta, ta ɗaure zare ya miƙe tsakaninsu, ta auna kusurwoyin, suka haura 200. Yanzu so take ta ga na'urar da ke kama sakan ɗaya na kusurwa. Baba, in lafiya ta bari kuma na'urar tana nan, darasin namu Talata ne ƙarfe goma na safe. Ni zan zo in ɗauke ka.